Sikeli Ko Tef Ɗin Tela? Tambayoyi da Amsoshi Kan Awon Jiki da Ciwon Suga a Ghana

Ciwon suga nau'i na biyu shi ne wanda ya fi kama manya, kuma yakan yi shekaru a jiki kafin mai shi ya farga. A kan wannan ciwon, mutane a Ghana sun fi dogara da sikeli, alhali tef ɗin da tela ke rataya a wuya ya fi shi faɗin gaskiya. Ga tambayoyin da aka fi yi game da awon jiki, da abin da binciken da aka yi a kan 'yan Ghana ya nuna.

Me ya haɗa girman jiki da ciwon suga tun farko?

Duk abincin da ka ci mai sitaci, tuwo ne ko banku ko shinkafa, jiki yana mayar da shi suga ya zuba cikin jini. Sinadarin insulin ne ke shigar da sugan cikin tsoka da hanta, kuma wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da shi. Idan kitse ya taru a cikin ciki, ya kewaye hanji ya shiga hanta, sai jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata. Hanta ta riƙa sakin suga ko da ba a buƙata, fankiriyas kuma ta riƙa ninka aiki don ta cike giɓin. Shekaru suna tafiya har ta gaji, daga nan suga ya fara taruwa a jini.

Ba kowane kitse ne ke yin wannan ɓarnar ba. Wanda ke ƙarƙashin fata a cinya da ɗuwawu yana zaune ne a wurinsa, ba ya damun hanta sosai. Na cikin ciki kuwa jininsa hanta yake nufa kai tsaye. Don haka tambayar farko ita ce a ina kitsen yake, nauyin kilo yana biyo baya.

Mene ne BMI, kuma yaya ake lissafa shi?

Awo ne da ke gwada nauyi da tsawo. Ka ɗauki tsawonka a mita ka ninka shi da kansa, sannan ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 68: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 68 da 2.89, an samu 23.5.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce. 'Yan Ghana mazauna Birtaniya su lura: hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a can ta sauko da iyakar ga baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka, nauyin da ya wuce kima ya fara daga 23, ƙiba daga 27.5, domin ciwon yana kama su a kan nauyin da bai kai na Turawa ba.

To idan akwai BMI, me ya sa ake cewa bai isa ba?

Saboda bai san bambancin tsoka da kitse ba, kuma bai san inda kitsen ya kwanta ba. Ɗan dako a kasuwar Kejetia ta Kumasi da ma'aikacin banki da ke wuni a kujera suna iya yin kilo ɗaya da tsawo ɗaya, BMI ya ce duk ɗaya suke, alhali ɗaya tsoka ce a kafaɗa, ɗaya teɓa ce a gaba.

An gwada wannan a kan 'yan Ghana. Tsakanin 2007 da 2008 an yi bincike a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, aka auna manya sama da dubu, masu ciwon suga da marasa shi. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna awon tsakiyar jiki ne ke tafiya da ciwon, maza da mata, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ne gwada ƙugu da kwatangwalo. BMI bai iya rarrabe mai ciwon da marar shi yadda ya kamata ba. Akwai abin lura a nan: mai yiwuwa wasu daga cikin masu ciwon sun riga sun rame saboda ciwon kansa kafin a auna su, wanda hakan ke ƙara rage darajar sikeli. Tumbin dai bai ɓoye ba.

Yaya ake auna ƙugu daidai?

A nan ne yawancin mutane ke ɓata lissafin, don haka a bi a hankali.

A nemi tef ɗin tela wanda bai saki ba. Tsohon tef na roba yana miƙewa, sai ya rage maka santimita ɗaya ko biyu, ya faranta maka rai a banza. A yi awon da safe, bayan an zaga bayan gida, kafin a karya. A ɗage riga, tef ya taɓa fata, ko a bar riga marar kauri ƙwarai. A kan zani mai ninki biyu ko babbar riga, awon ba shi da amfani.

Tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna, nauyinka a kan ƙafa biyu daidai, hannuwa a sake. Da yatsa ka lalubo haƙarƙarinka na ƙarshe ta gefe, sannan ka lalubo saman ƙashin kwatangwalo. Tsakiyar waɗannan biyun shi ne wurin awo. Ga yawancin mutane yana ɗan saman cibiya, amma kada a dogara da cibiya, domin ga mai babban tumbi takan sauko ƙasa. Zagaya tef ɗin ta wurin, ka tabbata bai karkace ba, wato tsayinsa daga ƙasa ɗaya ne ta gaba da ta baya. Madubi ko wani na kusa zai taimaka, don ta baya ne tef ya fi zamewa. Yi numfashi biyu ko uku kamar yadda ka saba, idan ka fitar da iska sai ka karanta. Tef ya kwanta a fata, kada ya nutse. Maimaita sau biyu. Idan bambancin ya wuce santimita 1, a sake daga farko.

Waɗanne kurakurai aka fi yi?

Na farko shi ne ɗaukar lambar wando a matsayin awon ƙugu. Namiji mai teɓa yana ɗaura wandonsa a ƙarƙashin tumbi, sai ka ji yana cewa shi 34 yake sawa shekara goma ba canji, alhali idan aka auna inda ya dace inci 40 ne. Wandon bai canza ba ne saboda tumbin ya hau samansa.

Sai shanye ciki, wanda mutum ke yi ko bai sani ba da zarar tef ya taɓa shi. Sai awo bayan an cika ciki da fufu da rana. Sai rikita inci da santimita, tunda tef yana da fuska biyu kuma teloli sun fi aiki da inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mata kuma sukan auna wurin da ya fi siranta, can ƙarƙashin ƙirji, saboda nan tela ke aunawa idan zai ɗinka riga. Awon ɗinki daban, awon lafiya daban.

Santimita nawa ne haɗari?

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta sa santimita 94 ga maza, wato inci 37, da 80 ga mata, wato inci 31 da rabi. Idan namiji ya kai 102 ko mace 88, haɗarin ya yi yawa ƙwarai. Sai dai waɗannan lambobi daga Turawa aka samo su, aka ce mutanen Afirka ta kudu da Sahara su yi amfani da su kafin a samu nasu.

Da aka tattara bayanan mutane fiye da dubu ashirin daga ƙasashen Afirka, a wani aiki da aka buga a 2018, an ga cewa wurin da matsalolin suga da hawan jini da kitsen jini ke fara haɗuwa kusan santimita 81 ne, maza da mata. Ga mata wannan bai canza komai ba. Ga maza kuwa magana ce babba: namijin da ke da 88 yana ganin saura masa da nisa kafin 94, alhali mai yiwuwa ya riga ya shiga. Shi ya sa muke ganin kada namiji ɗan Ghana ya jira 94 kafin ya je gwajin jini.

Ba na son lissafi. Akwai hanya mai sauƙi?

Akwai, kuma mun fi son ta. Ƙugunka kada ya kai rabin tsawonka. Mai santimita 170 ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85, mai 160 ƙasa da 80. Idan ka raba ƙugu da tsawo, 0.4 zuwa 0.49 lafiya, 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, 0.6 zuwa sama haɗari mai yawa. NICE ta shigar da wannan cikin shawarwarinta a 2022.

Ko tef babu, igiya ta isa. Tsaya ba takalmi, ba hula, ba ɗankwali mai tudu, wani ya auna igiya daga tsakar kanka zuwa ƙasa ya yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya ƙugunka da ita. Idan bakunan sun haɗu ba tare da ka shanye ciki ba, madalla. Idan sun ƙi haɗuwa, ka ga amsarka. Amfanin wannan hanyar shi ne tana yi wa dogo da gajere adalci, tunda 90 a jikin mai santimita 185 ba ɗaya ba ne da 90 a jikin mai 160.

Shi kuma gwada ƙugu da kwatangwalo fa?

Ana auna kwatangwalo a inda ɗuwawu ya fi tudu, ƙafafu a haɗe, sannan a raba awon ƙugu da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 0.90 zuwa sama ga maza, 0.85 zuwa sama ga mata, alamar kitsen ciki ne.

Ɗauki mutum biyu a misali. Wata mace mai tsawon 160, kilo 74, BMI ɗinta 28.9, sikeli ya ce ta yi nauyi. Ƙugunta 78, kwatangwalo 108, rabon ya ba da 0.72, ƙugu da tsawo 0.49. Sai wancan namijin mai BMI 23.5 da muka lissafa, wanda kowa zai ce ba shi da jiki. Ƙugunsa 92, kwatangwalo 95, rabon 0.97, ƙugu da tsawo 0.54. A ido ita ce mai ƙiba, a tef shi ne ya fi buƙatar gwaji. Siraran ƙafafu da tumbi a gaba, wannan ƙirar ce ta fi ba likitoci tsoro, domin tsoka, irin ta cinya, tana shanye kaso mai yawa na sugan da ke jini bayan cin abinci, idan ta yi kaɗan suga ba shi da wurin zuwa.

Raunin wannan awon ɗaya ne: idan mutum ya rage nauyi, ƙugu da kwatangwalo suna iya raguwa tare, rabon ya tsaya inda yake. Don bibiyar ci gaba, ƙugu shi kaɗai ya fi.

Ni siriri ne, ba tumbi. Na tsira ke nan?

A'a. A binciken RODAM, wanda za mu yi bayaninsa a ƙasa, fiye da rabin masu ciwon suga a ƙauyukan Ghana ba su da nauyin da ya wuce kima. A birane kusan kashi ɗaya cikin uku ne, a Turai ƙasa da ɗaya cikin biyar. Ga irin waɗannan, matsalar ta fi karkata ga fankiriyas da ba ta samar da isasshen insulin. Gado yana ciki, shekaru suna ciki, haka ma yunwa a cikin uwa da a ƙuruciya, wadda ke hana gaɓoɓi ginuwa yadda ya kamata. Yawan shan giya ma yana lalata fankiriyas.

Don haka idan mahaifi ko mahaifiya ko ɗan'uwa na jini yana da ciwon, ko kana da hawan jini, ko ka wuce shekara 35, je ka yi gwaji ko da igiyar ta zagaye ka har da saura.

Gaskiya ne zaman birni da Turai na ƙara haɗarin?

Binciken RODAM ne ya fi amsa wannan. Farfesa Charles Agyemang na Jami'ar Amsterdam ya jagorance shi, aka auna 'yan Ghana fiye da dubu biyar masu shekara 25 zuwa 70 tsakanin 2012 da 2015, a ƙauyukan yankin Ashanti, da biranen Kumasi da Obuasi, da Amsterdam, Berlin da Landan, duk da hanyar awo iri ɗaya.

Ƙiba a ƙauye: maza kashi 1.3 cikin 100, mata 8.3. A Landan: maza 21.4, mata 54.2. Ciwon suga a ƙauye: maza 3.6, mata 5.5. A biranen Ghana: maza 10.3, mata 9.2. A Berlin ya fi yawa: maza 15.3, mata 10.2.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne babban tsallen ciwon suga tsakanin ƙauye da Kumasi yake, ba tsakanin Kumasi da Turai ba. Mutum bai buƙatar biza kafin haɗarinsa ya ninka. Barin gona, hawa motar haya ta tiro-tiro maimakon tafiya a ƙasa, wuni a zaune a shago, lemon kwalba da burodi mai suga, sun isa. Mazauna zango irin su Nima da Mamobi a Accra ko Aboabo da Asawase a Kumasi, rayuwar birni suke yi, lissafin birni ne ya shafe su.

Mata sun fi ƙiba nesa ba kusa ba. Me ya sa ciwon bai fi yawa a cikinsu haka ba?

Duba Landan: fiye da rabin mata suna da ƙiba, maza kashi ɗaya cikin biyar, amma a biranen Ghana da Turai ciwon suga bai fi yawa a mata ba. Dalili shi ne wurin ajiya. Kafin daina al'ada, jikin mace yana tura kitse cinya da ɗuwawu, na namiji yana tura shi ciki. Bayan daina al'ada lissafin yana juyawa, ƙugun mace ya fara cika ko da sikeli bai motsa ba, don haka Hajiya mai shekara hamsin ta fi buƙatar tef fiye da lokacin da take talatin.

Wannan ba lasisi ba ne ga mata. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2014 ya samu kashi 40 cikin 100 na matan Ghana masu shekara 15 zuwa 49 da nauyin da ya wuce kima ko ƙiba, kuma ƙiba tana da wasu illolin: hawan jini, ciwon gwiwa, wahalar haihuwa.

Su wa awon ƙugu ba ya yi wa aiki?

Mai juna biyu da wadda ta haihu cikin 'yan watannin nan. Mace mai ƙari a mahaifa, wanda ya yawaita a matan Afirka kuma yana iya tura ciki gaba. Mai ruwa a ciki saboda ciwon hanta, zuciya ko ƙoda. Mai babban cibi. Yara suna da jadawalinsu na shekaru, kada a gwada su da lambobin manya. Wanda BMI ɗinsa ya kai 35 kuma tef ba zai ƙara masa wani labari ba, ya wuce gwajin jini kawai.

Ina da ciki. Ni yaya zan yi?

Ana gwajin sugan masu ciki tsakanin mako 24 zuwa 28, ki tambaya a wurin awo idan ba a yi miki ba. Idan an same shi, ko kin taɓa haifar jariri mai kilo 4 zuwa sama, haɗarin ciwon suga nau'i na biyu yana tare da ke ko bayan haihuwa. A sake gwaji tsakanin mako 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan a ci gaba lokaci-lokaci. Nan ne mata da yawa ke ɓacewa: an yi suna, an shiga shayarwa da jego, ba wanda ya sake tuna gwajin.

Awona ya wuce iyaka. Ina da ciwon suga ke nan?

Tef ba ya gano ciwo, yana nuna wanda ya kamata ya je gwaji ne. Jini ne kaɗai ke yanke hukunci. A kwana ba ci na aƙalla awa takwas, ruwa kawai, ba shayi ba koko, a je da safe. A Ghana ana ba da sakamako da ma'aunin mmol/L: 7.0 zuwa sama ciwon suga ne, 6.1 zuwa 6.9 bakin ƙofa ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, likitocin Amurka ma daga 5.6 suke fara lissafi. Idan na'urarka tana nuna lambobi irin 110 ko 126, tana amfani da mg/dL ne, raba da 18. Gwajin da aka yi a kowane lokaci ya nuna 11.1 zuwa sama tare da alamomi shi ma ciwon ne. Idan babu alamomi, ana maimaita gwajin wata rana kafin a tabbatar.

Na'urar soke yatsa ta kantin magani tana da amfani wajen tantancewa, amma tana kuskure idan tsinken gwajin ya sha zafi ko ya wuce wa'adi, ko yatsa yana da ragowar lemo ko abarba. A wanke hannu da sabulu a bushe tukuna. Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, tana ɗaukar jinyar ciwon suga, don haka a sabunta kati. Kiyasin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya na 2021 ya ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

An ce gwajin HbA1c ya fi sauƙi. Gaskiya ne?

Ya fi sauƙi, tunda ba a buƙatar kwana da yunwa, kuma yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku. Kashi 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Amma a Ghana sai an yi hattara. Gwajin ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini, duk abin da ya gajarta ransu yana sa sakamakon ya sauko, ya ɓoye ciwon. Kusan kashi 2 cikin 100 na jariran Ghana ana haifarsu da sikila, masu ɗauke da AS ko AC kuwa sun fi haka yawa sosai, kuma wasu na'urorin gwajin suna rikicewa da irin wannan jinin. Ƙarancin sinadarin G6PD, zazzaɓin cizon sauro na kwanan nan, zubar jini ko ƙarin jini, duk suna karkatar da shi. Ƙarancin ƙarfe a jini kuma yana iya ɗaga shi sama. Ka gaya wa likita nau'in jininka na gado, irin su AS ko AC, kafin gwajin. Ga mai SS ko SC, gwajin suga na kai tsaye ake amfani da shi.

Kilo nawa zan rage kafin ya yi amfani?

Ƙasa da yadda ake zato. Wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002 ya ɗauki mutanen da ke bakin ƙofar ciwon, aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, ta fi ta masu shan ƙwayar maganin suga ta metformin, wadda ta rage kashi 31. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 ake yi. Kitsen ciki da na hanta su ne ke fara tafiya, shi ya sa ɗan ragi ke yin aiki mai yawa.

Minti 150 shi ne rabin awa, kwana biyar a mako, tafiya mai sauri wadda za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Tafiyar minti goma bayan cin abinci tana rage hawan suga. A haɗa da abin da ke gina tsoka sau biyu a mako, ko da tashi da zama ne daga kujera sau goma sha biyar, a huta, a maimaita.

Sai na bar tuwo da waakye?

Ba sai ka bari ba, girman malmala ne abin dubawa. Raba faranti: rabi ganye da miya irin su ayoyo, kuɓewa, kontomire da kabeji, kashi ɗaya cikin huɗu kifi, ƙwai, wake ko nama, sauran kashi ɗayan tuwo, banku, kenke ko shinkafa, kamar dunƙulen hannunka. Matsalar waakye ba waken ba ne, tarin da ake yi masa ne: shinkafa, taliya, gari da soyayyar ayaba a ganye ɗaya, sitaci huɗu ke nan. Zaɓi ɗaya, a ƙara wake da ƙwai.

Abin sha ya fi ɓarna saboda ba ya ƙosarwa. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya tsaya ƙasa da giram 50 a yini, in da hali 25. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya a matsayin ƙarin jini shi ma cike yake da suga. Koko, zoɓo, fura da burkina lafiyarsu ƙalau, sugan da mai sayarwa ke zubawa ne matsalar, ka ce a ba ka ba suga ka sa da hannunka. Ghana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemuka masu zaƙi a 2023, amma harajin bai kai ga cokalin mai shayi ba.

A watan azumi mutane da yawa suna fita da ƙugu fiye da yadda suka shiga, saboda buɗa-baki da lemo da soye-soye. Mai ciwon suga da ke shan magani ya ga likita makonni kafin azumi don a daidaita masa.

Ɗamarar matse ciki da shayin rage tumbi fa?

Ɗamara tana matse fata, kitsen da ke kewaye da hanta yana nan. Yawancin shayin rage tumbi gudawa ko fitsari suke sawa, ruwa ne ke fita, ya dawo cikin kwana biyu, wasu kuma suna taɓa hanta da ƙoda. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsoka amma ba ya narkar da kitsen wurin shi kaɗai. Ko tiyatar zuƙe kitse, wani bincike na 2004 ya nuna ba ta gyara yadda jiki ke jin insulin ba, domin na ƙarƙashin fata take cirewa.

Ƙanwata tana shan maganin ƙiba don ta yi jiki kafin aure. Akwai haɗari?

Akwai, kuma babba. Abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe yakan ƙunshi cyproheptadine mai buɗe ciki, ko dexamethasone da danginsa. Na biyun yana ɗaga suga kai tsaye, yana tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya, yana cinye tsokar cinya da hannu, wato ainihin ƙirar da muka ce ta fi haɗari. Yana kuma kawo hawan jini da raunin ƙashi. Idan ta yi makonni tana sha, kada ta daina rana ɗaya, domin jiki ya saba kuma yankewa kwatsam tana iya jefa ta cikin mawuyacin hali. Ki kai ta asibiti da kwalbar a hannu, a rage mata a hankali, a gwada sugarta.

Tumbina yana raguwa ba tare da na yi komai ba. Abin murna ne?

Idan ba ka canza ci ko motsi ba, a'a. Ramar da ba dalili, tare da yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa, gajiya, gani dishi-dishi, gyambon da ya ƙi warkewa ko ƙaiƙayin gaba mai dawowa, alamun suga ne da ya riga ya hau har jiki yana zubar da shi ta fitsari. Wannan gwajin yau ne, ba na mako mai zuwa ba. Idan akwai amai, ciwon ciki, numfashi da sauri ko gushewar hankali, a wuce sashen gaggawa. Baƙin da ke fitowa a bayan wuya ko hammata, mai laushi da kauri, wanda wanka ba ya fitarwa, shi ma alama ce ta jikin da ba ya jin insulin.

Sau nawa ya kamata a riƙa awo?

Ƙugu sau ɗaya a wata ya isa, da tef ɗaya, a lokaci ɗaya, a rubuta a littafi da kwanan wata. Awon kullum ruɗani kawai yake kawowa, tunda iska da abinci da al'adar mata suna motsa shi da santimita ɗaya ko biyu. Gwajin jini: duk shekara uku idan ya fito daidai, duk shekara ga wanda ke tsakanin 6.1 da 6.9. Idan za ka asibiti ka tafi da littafin, kuma idan an auna nauyi da hawan jini aka tsallake ƙugu, ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta auna ta rubuta a katinka.